Lauyoyin Turin da suka haɗa mana takardun zama 'yan Italiya ta wajen kakana

Ofishin ba babba ba ne. Lauyoyi biyu ne, mace da namiji, sai wata baiwar Allah da aikinta shi ne bin ƙananan hukumomi da majami'u tana tono tsofaffin rajistoci. Suna birnin Turin a arewacin Italiya, kuma sana'arsu ɗaya ce: haɗa wa 'ya'ya da jikokin Italiyawa da aka haifa a waje takardun da za su gamsar da gwamnatin Italiya cewa su ma 'yan ƙasa ne ta jini. Yawancin masu kai musu aiki 'yan Brazil ne da Ajantina da Amurka. Ni da mahaifiyata ne mutanen Najeriya na farko da suka taɓa riƙe wa fayil, kuma hakan ya nuna a aikin. Ba zan ambaci sunansu ba, domin akwai inda zan soke su, ba na kuma son suka ɗaya ta shafe sauran alherin da suka yi mana. A ɓangaren Italiya sun ci guminsu. A ɓangaren Najeriya da kuɗinmu suka koyi aiki. Abin da ya sa zan iya tura musu ɗan'uwana gobe shi ne, ko sau ɗaya ba su taɓa gaya min magana mai daɗi don in ƙara biya ba.

Mai karatu zai ce, ɗan Kaduna mai sayar da tayil, ina shi ina kaka Bature? Wanda ya san tarihin gine-gine a ƙasar nan ba zai yi mamaki ba. Tun zamanin Turawan mulki magina daga yankin Piemonte, inda Turin take, suke zuwa Afirka ta Yamma, musamman daga wani ɗan gari mai suna Roasio a lardin Vercelli, wanda har gidan tarihi yake da shi na 'ya'yansa da suka tafi ci-rani. Kamfanin Cappa da D'Alberto 'yan Piemonte biyu ne suka kafa shi a 1932. Italiyawa ne suka gina madatsar Kainji da aka gama a 1968, su ne kuma suka yi ta Bakolori a tsohuwar jihar Sakkwato. Kakana ba ya cikin manyan. Magini ne mai cokali a hannu, daga wani ƙauye kusa da Roasio, ya zo a tsakiyar shekarun 1950, ya yi aiki a Jos da Kaduna. A Jos ya karɓi kalmar shahada, aka ɗaura masa aure da kakata, aka haifi Umma a 1962. Bayan dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972, ɗan kwangilar da yake yi wa aiki ya naɗe kayansa, shi ma ya bi shi a shekara mai zuwa da alkawarin zai dawo. Wasiƙu suka riƙa zuwa, suka ragu, suka ɗauke. Umma ta ƙarasa girma a gidan kawunta, kuma da sunansa ta yi makaranta.

Ni dalilina na kasuwa ne, ba zan ɓoye ba. Masana'antun tayil na Italiya suna Sassuolo, kuma duk wanda ya taɓa neman bizar kasuwanci ta Turai da koren fasfo ya san yadda ake tattara takardun banki a jira, wani lokaci baje kolin ya wuce biza ba ta fito ba. Umma kuwa so take ta san inda mahaifinta ya ƙare. Ba ta taɓa cewa tana son fasfon Italiya ba.

Ganawar farko ta bidiyo ce, a ƙarshen damina ta 2024, kuma ba kyauta ba ce, yuro 150 na biya. Ban ji ciwon kuɗin ba. Lauyar ta fara da gyara min fahimta: ba roƙon a ba mu zama 'yan ƙasa za mu yi ba, cewa za mu yi mu 'yan ƙasa ne tun ranar haihuwa, a duba a tabbatar. Shi ya sa babu jarrabawar harshe, babu sharaɗin zama a Italiya. Dokar da ake aiki da ita ita ce mai lamba 91 ta 1992, wadda ta halatta wa ɗan Italiya riƙe wata ƙasa tare da tasa. Abin da ya faru kafin nan kuwa ana auna shi da tsohuwar doka ta 1912. Ta tambaye ni ko tsarin mulkinmu ya yarda, na ce wanda yake ɗan Najeriya ta haihuwa ba ya rasa ƙasarsa don ya riƙe wata, haka tsarin mulkin 1999 ya tanada. Sai ta jero tambayoyinta. A ina aka haifi kakan, wace shekara? Ya taɓa karɓar zama ɗan wata ƙasa? Wace shekara aka haife ni, tunda ta wajen mace jinin ya biyo? Nan ta bayyana min cewa macen Italiya ba ta iya gadar wa ɗanta ƙasa idan an haife shi kafin 1 ga Janairu 1948, ranar da tsarin mulkinsu ya fara aiki, sai dai a je kotu, hanyar da hukuncin babbar kotunsu na 2009 ya buɗe. Ni haihuwar 1984 ne, wannan bai shafe ni ba. Tambaya ta ƙarshe ce ta tsayar da ni: ina takardar auren kakanka da kakarka?

Babu. Aure ne na zaure, liman da waliyyi da shaidu, aka raba goro aka shafa fatiha. Duk waɗanda suka halarta sun riga mu gidan gaskiya. A nan na fara ganin darajar matar nan. Ba ta ce auren ba aure ba ne. Ta ce dokar Italiya tana iya karɓar auren da ya inganta a ƙasar da aka ɗaura shi, matsalar ita ce hujja, kuma idan babu hujja to a idon ma'aikacin rajista za a ɗauki Umma a matsayin wadda aka haifa ba tare da aure a rubuce ba. Na ce mata, wannan magana a wurinmu tana da nauyin da ba ki sani ba, kada ki faɗe ta haka a gaban mahaifiyata. Ta yi shiru, ta ce ta gane. Daga ranar har muka gama, a baki ko a wasiƙa, abin da take cewa shi ne "takardar da mahaifinki ya sa hannu da kansa cewa ke 'yarsa ce". Lauya da yawa ba za su damu da wannan ba. Ita ta damu, kuma na riƙe mata shi.

Takardar da take nufi ita ce duk wata shaida ta hukuma da ke nuna uban ne da kansa ya amsa 'yarsa tun tana ƙarama. Ta ja kunnena a kan abu biyu. Na farko, sunan uba a takardar haihuwa bai isa ba idan wani ne ya je ya faɗa. Dole a ga shi ne ya kai rahoton haihuwar. Na biyu, idan sai bayan ɗa ya balaga aka tabbatar da ubansa, doka ta ba shi shekara ɗaya kacal ya bayyana cewa ya zaɓi zama ɗan Italiya, in ya wuce shi ke nan. Na kawo mata zancen gwajin jini na DNA, domin wani dillali a Abuja ya taɓa ce min shi kaɗai ya wadatar. Ta ce ofishin jakadanci ba ya aiki da shi a irin wannan, sai kotu, kuma shari'ar tabbatar da uba bayan ya rasu doguwa ce mai cin kuɗi, ba za ta ba ni shawarar shiga ba sai in babu wata ƙofa.

Allah ya sa kakata, Allah ya jiƙanta, ba ta zubar da takarda. A adakarta da Umma ta gada, ƙarƙashin tsofaffin zannuwa, akwai wata leda ɗaure da zare. Ciki akwai katin aikinsa mai hoto, da wasiƙu masu kan sarkin Italiya, da wata takarda ruwan ƙasa da ta fara yagewa a wurin ninki: shaidar rajistar haihuwa ta Jos, 1962, kuma a layin wanda ya kawo rahoto ga sunansa, ga kalmar uba, ga sa hannunsa da tawada shuɗiya. Na ɗauki hotonta na tura. Lauyar ta amsa a daren, ta ce kada a manna mata roba, kada a goge ta, kada a ba kowa ita ya tafi da ita, a sa ta tsakanin fararen takardu biyu a ajiye a kwance.

Aikin da suka yi a Italiya ba ni da abin cewa a kansa sai yabo. Sunan ƙauyen ma ba mu san shi daidai ba, abin da Umma take furtawa ya sha bamban da yadda ake rubuta shi. Daga hatimin gidan waya da ke kan ambulan matar rajistar ta gano shi. Kafin ƙarshen Nuwamba ta turo mana cikakken kwafin shafin haihuwarsa na 1931 daga ƙaramar hukumar, da takardar rasuwarsa, da tarihin zamansa. Daga baya ta ce mun yi sa'a bai kai shekara ɗari ba, domin daga farkon 2025 an ba ƙananan hukumomi damar cajin har yuro 300 a kan takardar da ta haura ƙarni.

Italiyawa suna da wata al'ada a rajistarsu da ban san da ita ba: duk abin da ya faru da mutum daga baya, aure ko mutuwa, ana komawa shafin haihuwarsa a rubuta a gefe. Lauyar ta fara duba gefen nan ne don wani dalili na doka. Kafin gyaran dokar iyali na 1975, mai mata a Italiya ba ya iya amsa ɗan da ya haifa da wata a hukumance, sai a wasu 'yan yanayi. Da a ce kakana ya bar mata a gida kafin ya zo Jos, da sa hannun nan nasa ya shiga rigima. Gefen shafin ya nuna bai yi aure a can ba sai 1976. Ƙasa da wannan kuma, da wani rubutun hannu daban, an rubuta ya rasu a 1989.

Na kai wa Umma shafin bayan la'asar, tana zaune a tabarma tana tsince shinkafa. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana. Na karanta mata fassarar, ta ce, "Kai, sake faɗa min shekarar." Na sake. Ta ajiye faifan, ta yi lissafi da yatsu, ta ce, "Shekarar da na haifi ƙanwarka ke nan. Ashe duk addu'ar da nake yi ta Allah ya dawo da shi, ta gafara ya kamata in yi." Ba ta yi kuka a gabana ba. Ranar Juma'a ta sa aka toya waina aka kai masallaci sadaka, aka yi masa addu'a. Ko da ofishin nan bai yi mana komai ba sai wannan shafi, ni a wurina kuɗin ganawar farko da na bincike sun fita.

Yanzu ga inda suka gaza.

Jerin takardun Najeriya da suka turo min kwafi ne na wanda suke ba 'yan Brazil, an canza sunan ƙasa kawai. A kan kowace takarda an rubuta a buga mata hatimin Apostille, wato hatimin da ke sa wata ƙasa ta amince da takardar hukumar wata ƙasa. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1961 da ta samar da wannan hatimi, babu ofishin da zai buga maka shi a nan. Hanyarmu ita ce Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja ta tantance, sannan ofishin jakadancin Italiya ya tabbatar, sannan a fassara zuwa Italiyanci. Na faɗa musu, suka ce za su bincika, binciken ya ci makonni. Haka kuma ba su san cewa wanda aka haifa kafin dokar rajistar haihuwa ta 1992 yawanci ba shi da takardar haihuwa irin ta yanzu ba, sai rantsuwar shekaru daga kotu da takardar shaida daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Da suka ga tawa, suka ce ba ita ba ce, in koma in karɓo ta ainihi. Sai da na samo wani lauya a Kaduna ya rubuta musu bayani da turanci mai shafi biyu kafin suka yarda. Kuɗinsa daga aljihuna ya fita.

Sunaye kuwa sun fi komai cin rai, kuma a nan laifin ba nasu ba ne, amma jinkirin ganowa nasu ne. A takardar 1962 Umma tana ɗauke da sunan mahaifinta na Italiya, an ma rubuta shi da harafi ɗaya a maimakon biyu. A makaranta sunan kawunta. A takardar aurenta da fasfonta sunan mahaifina. Ranar haihuwarta a fasfo 1 ga Janairu ce, kamar ta dubban mutanen da aka cike wa fam da ka, alhali rajistar Jos ta ce watan Yuni. Ma'aikacin Italiya ba ya hasashe. In harafi ɗaya ya bambanta, a wurinsa mutum biyu ne. Dole aka je babbar kotu aka samo umarnin da ke cewa duk sunayen nan na mace ɗaya ne, aka buga sanarwa a jarida, aka gyara abin da zai gyaru. Duk waɗannan takardu suna hannun ofishin tun Oktoba. Sai a Janairu suka zauna suka jera su gefe da gefe suka ga saɓanin. Wata ukun nan ina ganinsu har yau.

Dalili kuwa shi ne abin da ya faru ranar 28 ga Maris 2025, Juma'ar ƙarshe ta azumi. Gwamnatin Giorgia Meloni ta fitar da dokar gaggawa mai lamba 36, wadda ake kira da sunan ministan harkokin waje Antonio Tajani, ba tare da wata sanarwa ba. A da babu iyaka: in kakan kakanka yana raye a 17 ga Maris 1861, ranar da Italiya ta zama ƙasa ɗaya, kuma sarƙar ba ta tsinke ba, kana da haƙƙi. Gwamnati ta ce ta wannan lissafi mutum miliyan 60 zuwa 80 a duniya za su iya nema, kuma Italiyawan da ke rajista a waje sun tashi daga miliyan 4.6 zuwa 6.4 cikin shekara goma. Sabuwar dokar ta tsayar da abin a kan iyaye da kakanni. Duk wanda bai shigar da fayil ba kafin ƙarfe 11:59 na daren 27 ga Maris, agogon Roma, sabuwar doka ce za ta hau kansa. Namu fayil yana jiran hatimi biyu.

Lauyar ta kira ni washegari Asabar, jajibirin sallah, ranar da ba ta aiki. Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce Umma tana ciki, domin mahaifinta ne. Ni ma ina ciki, domin kakana ne. 'Ya'yana uku sun fita. Da a ce mun shigar kafin ranar, da sun bi ni a fayil ɗaya tunda ƙanana ne. Ta ce majalisa tana da kwana 60 ta amince ko ta gyara, kada in kashe ko kwabo kafin a ga yadda za ta kaya. Haka aka yi. Da dokar ta fito a matsayin mai lamba 74 a ƙarshen Mayu, an sauya sharaɗin: maimakon a ce uban ko kakan a Italiya aka haife shi, sai aka ce dole ya kasance Italiya kaɗai yake riƙe da ita, ko ita kaɗai ya riƙe har ya mutu. Wannan ya mayar da wata takarda da muka ɗauka ƙarama ta zama ginshiƙin fayil ɗina, wato wasiƙar Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida da ke tabbatar da cewa kakana bai taɓa zama ɗan Najeriya ba. Kuma shi ne ya rufe wa yarana ƙofa gaba ɗaya ta fuskar jini, domin ni da Umma duk muna riƙe da Najeriya. Abin da ya rage musu shi ne, in an tabbatar da ni, in bayyana niyya a hukumance sannan su zauna a Italiya shekara biyu a jere tun suna ƙanana. Ni kuwa shagona yana Kaduna, makarantarsu da islamiyyarsu suna Kaduna.

Ban ɗora wa ofishin duka laifin ba. Babu wanda ya san dokar na tafe, kuma umarnin kotun nan zai ci lokacinsa ko da an fara da wuri. Amma ban wanke su ba. Na faɗa mata haka a waya, ta saurara har na gama, ta ce gaskiya ne sun yi jinkirin gwada takardun da juna. Bayan sallah, ba tare da na nema ba, suka dawo min da kason kuɗin da na biya na yaran. A daidai wannan lokaci wasu kamfanoni suna ta talla a Facebook da Instagram cewa a kawo kuɗi za su ƙalubalanci dokar a kotu, nasara tabbas. Na tambaye ta ko mu ma mu shiga don yaran. Ta ce za ta iya shigar da ƙara, za ta kuma samu kuɗi a kai, amma in ɗan'uwanta ne ni ba za ta bar ni in zuba dukiya a kan shari'ar da babu wanda ya san ƙarshenta ba. Wannan amsa ce ta sa na ci gaba da aiki da su duk da haushin da nake ji.

Zancen kuɗi. Aikinsu na mutum biyu, ni da Umma, ya tsaya a wajen yuro 2,800 bayan an cire na yara. Amma adadin da aka faɗa min da baki ba shi na gani a takardar biya ba. Lauyoyin Italiya suna ɗora kashi 15 cikin ɗari na hidimar ofis, da kashi 4 na asusun fanshonsu. A can kowa ya san da wannan, ni ban sani ba, kuma ba a gaya min ba sai da takardar ta iso, da Italiyanci. Fassarar da aka rantse a kanta a kotu ita ma daban ake biya, kuma kowane shafi huɗu sai an manna masa kan sarki na yuro 16. Kuɗin gwamnati na duba fayil yuro 600 ne a kan kowane baligi tun 1 ga Janairu 2025, ninki biyu na yuro 300 da ake biya a da, wajen naira miliyan ɗaya ke nan a canjin lokacin, kuma ba a dawowa da shi ko an ƙi ka. Ƙara kuɗin kotu da jarida da tantancewa da motar Abuja a nan gida. Mai niyya ya ɗauki adadin da lauya ya faɗa masa ya ninka, shi ne zai kusanci gaskiya.

Wani abin da ya dame ni shi ne watan Agusta. Ofishin ya rufe kusan gaba ɗayansa, haka al'adar ƙasar take a lokacin hutun tsakiyar wata, amma ba su sanar da ni ba, sai amsar na'ura nake samu alhali ina da tambaya a kan ranar ganawa da na samu ta Prenot@mi, shafin intanet na neman ganawa da ofishin jakadancin Italiya. Lauyan namiji kuma turancinsa kaɗan ne, duk ranar da abokiyar aikinsa ba ta nan magana ba ta tafiya.

Akwai wani abu da ya riƙa yi min nauyi a zuciya tsawon wannan hidima, ko da yake bai shafi ofishin ba. Ina da abokin ciniki ɗan zangon Kumasi da ya shekara da shekaru yana aiki a masana'anta kusa da Brescia a Italiya. 'Ya'yansa a can aka haife su, Italiyanci ne harshensu na wasa da na faɗa, amma doka ta ce sai sun cika shekara 18 kafin su nemi zama 'yan ƙasa, shi kansa kuma sai ya yi shekara goma a jere da takardar zama. A ƙuri'ar raba gardama ta 8 da 9 ga Yuni 2025 an nemi a rage goman zuwa biyar, mutanen da suka fito ba su kai rabin da ake buƙata ba, maganar ta mutu. Ni da ban iya gaisuwa da harshen ba sai 'yan kalmomi, takarda ɗaya ta 1962 ta sa na sha gabansu. Ina neman haƙƙina kuma ba zan bar shi ba, amma ban ga adalci a wannan tsari ba, kuma na fahimci abin da ya sa wasu Italiyawa suke ganin tsohuwar dokar ta yi faɗi.

Wa ya kamata ya nemi irin wannan ofis? Wanda mahaifinsa, mahaifiyarsa, kakansa ko kakarsa ɗan Italiya ne da bai taɓa karɓar wata ƙasa ba, kuma akwai takardar aure ko sa hannun uban a rajista. Na san akwai irinmu a Jos da Kaduna da Kano da New Bussa da Talata Mafara, da kuma Kumasi da Accra, waɗanda iyayensu suka taso ana ce musu 'ya'yan Bature. In labari kawai kake da shi da hasken fata, ko kuma dangantakar ta wuce kaka, duk wanda ya karɓi kuɗinka yanzu cutarka zai yi. In kuwa kana da hujja, ka fara da adakar tsohuwa kafin ka kira kowa, ka jera duk takardun gidanku a tabarma ka gwada sunaye da ranaku harafi da harafi, ka samu lauyan gida ya fara gyara saɓanin tun kafin na Italiya ya buɗe fayil. Sannan ka tambayi na Italiyan kai tsaye ko ya taɓa aiki da takardun ƙasar da ba ta cikin tsarin Apostille. Wanda ya auri 'yar Italiya ko wadda ta auri ɗan Italiya kuma su sani tasu hanyar daban ce: shekara uku da aure in ana zaune a waje, rabin haka in akwai 'ya'ya, da jarrabawar Italiyanci matakin B1, wato na matsakaicin iya harshe.

Fayil ɗinmu yanzu yana hannun ofishin jakadanci, an karɓa ba a dawo mana da ko takarda ɗaya ba, wanda lauyar ta ce shi ne ma'aunin aikinta. Lokacin da muka miƙa, wa'adin da doka ta ba su shekara biyu ne. In an amince, za a aika takardun haihuwarmu ƙaramar hukumar kakana a rubuta mu a rajistarta, a sa mu a AIRE, kundin Italiyawa mazauna waje, sannan a yi maganar fasfo. In wa'adin ya wuce shiru, hanya ta gaba kotun Turin ce, tunda daga Yunin 2022 irin wannan ƙara ana shigar da ita a kotun yankin da aka haifi kakan maimakon Roma, kuma can ma yuro 600 ne kowane mutum. Ofishin ya ce zai tsaya mana in ta kai ga haka. Na amince, da sharaɗin su rubuto min jimillar kuɗin da turanci, har da kashi 15 da kashi 4 ɗin, kafin in sa hannu.